Gonar da Kawu Ya Ƙi Nomawa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Kawu ya amsa kira ranar wata Laraba da hantsi, a ƙarshen bazara, ana tsakiyar sharar gonaki, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Ni 'yar ƙanwarsa ce. A hannunsa na tashi tun ina shekara shida, shi ya koya mini bayoloji a sakandaren garinmu, kuma a wannan makarantar nake koyar da shi yanzu. Na zauna rubuta wannan ne saboda na lura mamaci ba ya daɗewa a bakin jama'a. Ana gama addu'ar arba'in sai hira ta koma kan taki da iri.

Na san malamai da tsofaffin ɗalibai za su cika ƙofar gida, sun kuwa cika, har tabarmi suka gaza aka aro na masallaci. Waɗanda ban zata ba su ne suka fi taɓa ni. Ran kwana biyu tsohon mahaucin kasuwarmu ya nemi iso, ya tsugunna a bakin ɗakin Inna, matar Kawu, ya yi gaisuwa, sai kuka ya ƙwace masa.

Ya ce, "Hajiya, shekara fiye da ashirin duk ranar kasuwa ina ajiye wa Malam huhu da zuciya, wani sa'in har da idon saniya. Wallahi ranar farko na ɗauka tsafi zai yi. Sai da ya kai ni ajin da kansa na ga abin da yake yi da su."

Matan da ke zaune suka yi dariya da hawaye a fuska. Inna ma sai da ta murmusa.

Ran sadakar uku Arɗo ya iso daga rugarsu ta gefen Falgore, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Aka kawo masa abinci bai taɓa ba. Da ya shigo gaida Inna, babban ɗan Kawu ne ya rako shi, wato taubashina, wanda nake kira Yaya. Arɗo ya gama addu'a, ya juya ya dubi Yaya ya ce, "To, Modibbo ya tafi. Dajin fa, wa zai riƙe?"

Yaya ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Ni kuwa tambayar da nake gudu ke nan tun da aka ɗauki gawa.

Bari in faɗi abin da Arɗo yake kira daji. Gonar da Kawu ya gada tana iyaka da filin makaranta ta baya, ta gangara har bakin rafi. Shekararsa ta biyu da fara koyarwa ya yanke kusurwar da ke bakin rafin, inda ƙasa ta fi kyau, ya kewaye ta da ƙaya, ya ce daga yau ba noma a nan, ba ƙuna, ba kiwo, ba sara. A wajenmu, tun daga Ƙofa har Doguwa, in ka ga ƙasa mai kyau ba shuka, to ko dai ciwo ya kwantar da mai ita ko kuma rago ne. Kawu lafiyarsa ƙalau, kuma ba rago ba ne, saboda haka mutane suka yanke cewa boko ne ya taɓa masa kai. Suka sa wa wurin suna Gonar Boko. In ya wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya, "Malam, yaushe ne girbin ciyawar, mu zo gayya?" Shi kuma ya ce, "Kullum ana girbi, ba a buhu ake zubawa ba ne kawai."

Shekara talatin da 'yan kai wurin yana nan. Da farko kyasuwa da tafasa ne, sai sabara da kalgo suka fito, sai marke da taura, har da ɗinya biyu da ba wanda ya shuka su. Tsuntsaye suka kawo wasu, iska ta kawo wasu. Yau in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi. Ko'ina kewaye da shi an sare, an share, shi kaɗai ya rage.

Makarantarmu tana da ɗaki mai allo a ƙofa an rubuta ɗakin gwaje-gwaje. A zamaninmu abin da ke ciki karyayyun kujeru ne da jemagu. Kawu bai taɓa tsayawa yana kukan rashin kayan aiki ba. Ranar Talata in an buga ƙararrawar darasinsa sai ya leƙo aji ya ce, "Ku rufe littafin nan, ku biyo ni. Shi a wata ƙasa aka rubuta shi, kwaɗon rafinmu kuwa a nan aka haife shi."

Ba zan manta ranar da ya fara kama ni ba. Ya tumɓuke gyaɗa guda a gefen gona, ya kakkaɓe ƙasar, ya miƙo mini a gaban aji.

"Me kika gani?"

Ni da nake ji da kaina, 'yar gidan Malam, na gyara tsayuwa na zubo masa abin da na haddace da Turanci, ban ko numfasa ba.

Ya ce, "Madalla. Wannan mai littafi ne ya gani. Ke fa, me kika gani?"

Aji ya fashe da dariya. Na ji kamar in nutse. Na dubi abin da ke hannuna da gaske, na farko ke nan, na ce a hankali, "Wasu ƙuraje ne a jikin saiwar."

"Yawwa! Fasa ɗaya."

Na fasa da farce, cikinsa ja-ja. Ya ce waɗannan ƙurajen gidajen wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su suke ɗauko abinci daga iska suna ba ƙasa. "Shi ya sa kakarki take shuka dawa a inda ta cire gyaɗa bara, take kuma sa wake a tsakanin gero. Ta san wannan tun ba a haifi mai littafin ba. Sunan ne kawai ba ta sani ba." Na koma gida ran nan ina kallon kakata kamar ban taɓa ganinta ba.

Haka darasinsa yake. Huhun da mahauci ya ajiye, Kawu zai zura masa bututun ganyen gwanda ya hura, ya kumbura a gabanmu, ya saki ya motse, sannan ya ce kowa ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya ja numfashi. Ya jiƙa masara da wake kwana biyu ya ba kowa ya ɓare, mu ga wanda yake rabuwa biyu da wanda ba ya rabuwa. Ya tsayar da mu a gindin gawo da damina ya ce mu gaya masa dalilin da ya sa kowace bishiya ta yi kore shi ya kaɗe ganye, kuma wa yake cin ribar haka, shi ko geron da ke ƙarƙashinsa. Ya nuna mana kauci a reshen kaɗanya da wuta-wuta a gindin dawa ya ce, "Ga masu ci ba su noma ba. Har a cikin tsirrai akwai su." Lokacin jarrabawar fita, da aka jera mana abubuwa a kan tebur aka ce mu faɗi abin da muka sani a kansu, saura kaɗan mu yi dariya, don duk mun taɓa riƙe su a hannu. Mai sa idon da aka turo daga birni ya tambayi shugaban makaranta wane irin ɗakin gwaji ne da mu. Shugaban ya nuna masa bayan makaranta da baki.

Doka ɗaya gare shi wadda ba ya sassautawa: duk abin da ka ɗauko da rai, ka mayar da shi da rai inda ka ɗauko. Ya taɓa mayar da aji guda bakin rafi bayan an tashi, da yunwa da komai, saboda an bar talibambam a gwangwani a rana.

Wadda ta sha wahalar wannan ilimi ita ce Inna. Duk wani abu mai amfani a gidanmu, ƙarshensa makaranta. Kwalaben man shafawarta, gwangwanayen madara, faifai, ludayi. Gidan sauronta ya yanka ya ɗinka abin kama malam-buɗe-littafi. Rariya kuwa ba a magana, da ita ake tace ruwan rafi a ga abin da ke ciki, kuma Allah kaɗai ya san guda nawa ta saya. Wata safiya ta buɗe tukunyar da take jiƙa gero ta tarar da talibambam suna iyo. Ihun da ta yi har maƙwabta suka leƙo.

Ta ce, "Malam, ni dai malamin makaranta aka ce mini zan aura, ba boka ba!"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, kwana goma ne kacal, ƙafafu za su fito musu."

"Su fito musu a gidan ubansu!"

Gonar Boko kuwa ba ta kiranta da komai sai dajin wahala. Duk shekara in an zo shuka sai ta yi masa mita: ga ƙasa kamar a ci, an bar wa ƙadangaru. Shi kuwa sai ya ci gaba da shan kokonsa kamar da bango take magana.

Sanadin abotarsa da Arɗo ma wannan wurin ne. Wata kaka shanun Arɗo suka karya shingen suka shiga suka yi kaca-kaca da shi. Kowa ya san yadda ake yi: a tafi gaban dagaci, a je a duba ɓarna, a yanke abin da za a biya. Arɗo ya zo a shirye da haka. Kawu ya ce shi ba ya zuwa gaban kowa, tararsa ɗaya ce, Arɗo ya zo Talata uku a jere ya koyar da ɗalibansa ciyawa. Arɗo ya ɗauka ba'a ce. Da ya ga da gaske ne ya zo, ya tsaya a gabanmu da sandarsa a kafaɗa, yana jin kunya kamar sabon ango. Sai da ya sunkuya ya tsinko ciyawa ta farko bakinsa ya buɗe. Wannan tana kawo nono. Wannan in saniya ta ci ta da raɓa cikinta ya kumbura. Wannan in ka gan ta, ruwa ba nisa a ƙasa. Ya ciro kaska daga jikin ɗan maraƙi ya nuna mana, ya gaya mana abin da ya haɗa balbela da garke. Kawu yana zaune a ƙasa cikinmu da littafinsa, yana rubuta sunayen da Fillanci, yana cewa, "A hankali, Arɗo, ɗalibinka ba shi da saurin ganewa." Talata uku suka zama shekaru. Arɗo ya sa masa suna Modibbo, wato malam a bakinsu, ya kuma kawo ɗansa makaranta. Ɗan nan shi ne yake duba lafiyar dabbobi yanzu daga Tudun Wada har rugagen Falgore.

Ba zan ce Kawu ba shi da aibu ba, don zai fi kowa jin haushi in na yi masa ƙarya. Taurin kai gare shi, kuma wanda ya fi ɗanɗana shi Yaya ne. Wata shekara damina ta yi gardama, abinci ya yi wuya. Yaya yana da mata da yara huɗu, ga kusurwar nan a bakin ruwa wadda za ta yi noman rani. Ya je ya durƙusa ya roƙa. Kawu ya ce a'a. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji muryar Yaya.

"Baba, 'ya'yan mutane kake ciyarwa da ilimi, jikokinka suna cin tuwo ba miya."

Kawu ya ce, "Ɗauki rabona na gonar tudu ka haɗa da naka. Can kuwa, sai bayan raina."

Ya ba shi ɗin, shekarar nan mu muka ci tuwo ba miya. Amma maganar ta zauna a tsakaninsu. Suna gaisawa, suna sallah sahu ɗaya, ba su ƙara ambaton wurin ba. Kuma ni har yau ban iya cewa Yaya ya yi laifi ba. Mai iyali ne, ƙasa ya gani, yunwa ya gani.

Bayan Kawu ya yi ritaya ni na karɓi ajin, amma Talata ba ta wuce shi. Ko da idonsa ya yi rauni, sai a miƙa masa ganye ya murza ya shinshina ya faɗi sunansa da Hausa da Fillanci da na littafi. Zuwansa na ƙarshe, da yara suka yi gaba, ya riƙe hannuna muna tafe a hankali ya ce, "In na tafi, kada ki yi faɗa da yayanki a kan wurin nan. Haƙƙinsa ne. Na riƙe masa ya isa." Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba. Ni 'yar ƙanwa ce, ba ni da ko taki ɗaya a gadon. Abin da nake da shi yara sittin ne da ranar Talata.

Bayan addu'ar bakwai na ji labarin Yaya ya yi magana da masu gawayi, ya kuma kai gatarinsa maƙera. Baffansa ya ce ba a taɓa komai sai an raba gado, shi ya sa aka dakata. Kwanakin nan in na bi ta bayan makaranta ba na iya ɗaga ido in dubi wurin.

Aka zauna rabo bayan arba'in, an yi ruwan shuka da kwana biyu. Liman da dattawa suna kan tabarma a tsakar gida, 'ya'ya maza da mata a gefe, Inna tana cikin ɗakinta a bayan labule saboda takaba, ni ina zaune kusa da ita. Liman ya yi addu'a, ya yi bayani cewa matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma tunda uwa ce ga duk magadan, 'ya'yan sun yarda ta fara zaɓar inda take so a fitar mata a gona. Kowa ya san inda za ta nuna: gefen hanya, inda aka shekara ana zuba taki, kusa da gida.

Inna ta gyara murya ta ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni dajin."

Liman ya ɗauka bai ji daidai ba. "Hajiya, wane?"

"Dajin wahala. Na bakin rafi. In bai kai tumunin ba na yafe ragowar."

Yaya ya matso bakin labule ya rage murya. "Inna, ba abin da za ki ci a wurin nan fa. In an sare ne ma a ce."

"Wa ya ce maka sarewa zan yi? Kuma shekara talatin ina ci. Sabarar da na dafa wa matarka duk haihuwar da ta yi, daga ina ka zaci na samo, alhali duk faɗin garin nan an sare? Sassaƙen da na ba ɗanka da ya yi ciwon ciki fa? Rabin matan unguwar nan a wurina suke karɓar magani, ni kuma can nake zuwa in mahaifinka ya tafi kasuwa."

Wata daga cikin 'ya'yan ta ce, "Inna, ashe kina shiga? Da Baba ya sani fa?"

"Ya sani mana. Ɗan gurbin nan da ke jikin shinge ta gefen turbar gida, wanda duk shekara yake gyara ko'ina ya tsallake shi, wa kuke zaton ya bar wa? Bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban taɓa ce masa ba." Ta ja numfashi ta ce, "Na yi masa mita yana da rai don yana nan ya ji. Yanzu ba ya nan, ba mai sa wa wurin nan gatari ina numfashi."

Liman ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. A ba ta." Aka shafa fatiha, na kuma ga ba daɗi ya ji ba.

Kwana uku bayan haka na bi ta wurin na ga an sa sabuwar ƙaya duk inda shingen ya lalace, an bar gurbi ɗaya ta gefen turba. Da muka haɗu a zaure na ce, "Yaya, ashe gatarin ya sami aiki." Ya harare ni ya ce, "Ke, masarata nake tsarewa daga shanun Arɗo. Kada ki ɗauka wani abu." Masararsa kuwa tana can gonar tudu.

Talatar da ta biyo baya ina shirin fita makaranta Inna ta kira ni. Hannunta ya fito ta gefen labule riƙe da rariya, sabuwa fil.

Ta ce, "Ungo. Ruwa ya sauka, rafi ya kawo, na san yau za ku shiga. Amma ke ki dawo mini da ita. Shi bai taɓa dawo da ko ɗaya ba."

Na karɓa. A bakin rafin wata yarinya ta tace ruwa ta ɗago rariyar, ta fara zubo mini abin da ta haddace. Na buɗe baki in tambaye ta abin da ta gani, sai na ji muryar Kawu ce take fitowa, dole na juya baya na ɗan tsaya.

Allah ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa taurin kansa, Ya sa duk ganyen da ya sa a hannun yaro ya zama masa inuwa ranar da babu wata inuwa. Da yamma na wanke rariyar na kai wa Inna. Ta juya ta a hannu, ta duba, ta miƙo mini ita ta ce in riƙe, ai akwai wata Talatar.